Martani: Titin Maitumbi Ba Na Sayarwa Ba Ne

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, mazaunin Minna, ya fitar da maƙala a kan cunkoson motocin da ke cinye wa mutane lokaci safe da yamma, musamman a hanyar da ta taso daga Maitumbi ta nufi tsakiyar gari. Maganin da ya kawo shi ne, tun da yake ana ta faɗaɗa titunan Minna, a ware layi ɗaya a kowane hannu a killace shi. Mai son wucewa da sauri ya biya ya shiga, wanda ba zai biya ba ya bi layin da ya rage kyauta. Ba na zargin malamin da mugun nufi, kuma duk wanda ya karanta rubutun zai san mai shi ya yi bincike. Wannan ne ma ya sa na ga bai kamata maganar ta wuce ba amsa ba. Shawarar da ta fito daga bakin mai ilimi ita ta fi saurin shiga kunnen masu mulki, ballantana idan an ce akwai kuɗin shiga a cikinta.

Bari in shimfiɗa hujjojinsa yadda ya kawo su, don kada a ce na yi masa ƙage. Ya ce duk abin da aka bari kyauta sai an yi masa rububi, titi ma haka yake: kowa na fitowa da motarsa a lokaci guda saboda ba wanda ake cajin sa kuɗin ɓata wa na bayansa lokaci. Ya ce layin kuɗi zaɓi ne, ba dole ba, kuma idan masu hali suka koma can za su rage wa talaka cunkoso a nasa layin. Har talakan ma, in ji shi, ranar da matarsa ke naƙuda zai gode da ya samu hanyar da zai biya ya wuce. Ya ce kuɗin da aka tara su za su riƙa gyara titin, maimakon a zauna jiran kason Abuja. Sannan ya rufe da cewa Amurka da Singafo da Ingila haka suke yi, kuma mu ma gwamnatin tarayya ta dawo da tolget.

Akwai inda na yarda da shi. Titi ba ya gina kansa, ba ya gyara kansa, wani ne ke biya, ko an gani ko ba a gani ba. Lokacin da ke salwanta a gosulo kuma dukiya ce: malamin makarantar da darasin farko ya wuce shi, mai doyar da ya iso kasuwa bayan ciniki ya lafa, man da ke ƙonewa alhali mota na tsaye wuri ɗaya. Gaskiya ne kuma farashi yana sauya halin mutane, domin kowa ya ga yadda motoci suka ragu a titi a watannin farko bayan cire tallafin mai a 2023. Malam ya gano ciwon. A wajen rubuta magani ne muka raba hanya.

Tambayar da bai yi wa kansa ba ita ce: mene ne ainihin abin da mai biya yake saya? Kwaltar layinsa da ta layin kyauta iri ɗaya ce, kwangila ɗaya ce ta zuba su. Abin da yake saya shi ne tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya maƙale. Ranar da layin kyauta ya saki, motoci suna tafiya sumul, ba mai hankalin da zai ciro ko kwabo ya shiga na kuɗi. Ke nan cunkoson talaka shi ne jarin wannan kasuwa. In ya ragu ciniki ya mutu, in ya ƙaru riba ta hau. To, Malam, wane ɗan kasuwa ne zai yi aikin kashe jarinsa da hannunsa? Wace hukuma ce za ta dage wajen warware gosulon da shi ne ke cika mata asusu?

Kada a ce hasashe nake yi. A Amurka, ɗaya daga ƙasashen da malam ya kafa hujja da su, aka fara ganin haka. A watan Disambar 1995 aka buɗe layukan kuɗi a tsakiyar babbar hanya mai lamba 91 a jihar Kalifoniya, tsawon kimanin kilomita 16, wani kamfani mai zaman kansa ne ya gina yake karɓar kuɗi. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin da ya hana hukuma faɗaɗa layukan kyauta da ke gefe, don kada cinikin kamfanin ya ragu. Da hukumar ta so ƙara layi saboda cunkoso da haɗurra, kamfanin ya ɗaga mata takardar da ta sa wa hannu. Jama'a suka yi ta kuka, har sai da hukumar sufuri ta gundumar Orange ta sayi layukan a 2003 a kan dala miliyan 207.5, domin kawai ta samu ikon gyara hanyar jama'arta. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun biya kuɗin fito a bakin Kwara, ba su ga laifin mai jirgi ba tun da yana haye da su. Amma mai fiton da ya sa aka rubuta masa cewa ba za a taɓa gina gada a kogin ba, wannan ya tashi daga mai taimako ya koma mai tsare hanya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiyar irin wannan yarjejeniya, fita kuwa sai an yi dubu.

Malam bai kuma gaya wa masu karatunsa yadda ake sa farashin ba. Layin gaggawa ba ya zama na gaggawa sai an hana yawancin mutane shigarsa, kuma da tsada ake hana su. Shi ya sa a wurare da yawa kwamfuta ce ke ɗaga kuɗin da zarar motoci sun fara yawa. A watan Disambar 2017, a makon farko da aka fara wannan tsari a hanyar 66 da ke shiga birnin Washinton daga jihar Bajiniya, kuɗin wucewa sau ɗaya ya kai dala 40 a tafiyar kimanin kilomita 16. Wato daidai lokacin da mutum ya fi matsuwa shi ne lokacin da ƙofar ta fi tsada. Amurkawa da kansu sun laƙaba wa waɗannan layuka sunan motar Lexus, saboda sun san masu irin wace mota ke shiga kullum.

Mu dawo gida. Daga ina za a samo layin da za a sayar? Idan titi yana da layi biyu a kowane hannu aka ɗauke ɗaya, to duk keke napep da babur da bas da motar doya da tifar yashi da motar ƙaramin ma'aikaci za su dunƙule a layi guda. Masu halin da za su fice kaɗan ne, filin da aka ɗauke kuwa rabi ne. Ta wane lissafi hakan zai rage wa talaka cunkoso? Idan kuma aka ce sabon layi za a ƙara, da kuɗin wa za a gina shi, kuma shagunan wa da gidajen wa za a rushe? Sannan ƙarin layi shi kaɗai bai taɓa zama magani mai ɗorewa ba. A birnin Huston na jihar Teksas an faɗaɗa hanyar Katy a 2008 da kusan dala biliyan 2.8, har ta kai layi 26 a inda ta fi faɗi idan an haɗa da na gefe, da layukan kuɗi a tsakiyarta. Tsakanin 2011 da 2014 lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ƙaruwa ya yi. Masana tattalin arziki biyu, Duranton da Turner, sun nuna a binciken da suka buga a 2011 cewa a biranen Amurka tafiyar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da yadda aka ƙara titi.

Akwai kuma bambancin da malam ya tsallake. Layukan da yake yabo suna tsakiyar manyan hanyoyi ne da aka katange, babu mahaɗa, babu mai tsallakawa da ƙafa, babu shago a gefe, mota na shiga ta yi kilomita goma ko ashirin ba ta taka birki ba. Hanyar Maitumbi titin unguwa ce. Akwai masallatai da coci-coci a bakinta, akwai makarantu, akwai masu kayan miya da masu faci da masu shayi, kowane ɗan taƙi akwai lungun da keke zai fito ko ya shiga. Idan aka kafa shinge a tsakiya don mai kuɗi ya zuba gudu, ta ina yaro ɗan firamare zai tsallaka? Ta ina tsohuwa mai ɗauke da itace za ta bi? Wa zai ɗauki alhakin ran farko da za a rasa? Kuma bayan duk wannan, ina layin zai ƙare? A shataletalen Mobil, inda mai biya da marar biya za su sake haɗuwa su tsaya tare. An sayar wa mutum gudun minti biyu, an kai shi bakin gosulon da wuri.

A nan ne gizo ke saƙar. Cunkoson Minna ba irin na Huston ba ne, inda kusan kowane baligi ke da motarsa. Garin nan ƙofofi huɗu gare shi: hanyar Suleja ta Chanchaga, hanyar Bida ta Kpakungu, hanyar Zungeru da Kontagora ta Bosso da Maikunkele, sai hanyar Gwada da Kuta da Shiroro ta Maitumbi. Dukkansu suna zuba motoci ne a 'yan mahaɗu ƙalilan. Duk wanda ya tsaya a Kpakungu ko Mobil ko bakin Kasuwar Kure ya kalla da idon basira zai ga abin da ke tsayar da motoci. Mai keke ya ci birki a tsakiyar titi yana ciniki da fasinja saboda ba a yi masa wurin tsayawa ba. 'Yan kamasho sun mayar da gefen shataletale tasha. Mai shago ya baje kaya har kan kwalta, mai saye ya faka mota a gabansa, layi ɗaya ya tafi. Tirela ta lalace an bar ta da ganye a bayanta. Ruwan sama ya cika titi saboda shara ta toshe magudana. Wani ya gaji ya bi wanwe, ya kulle na gaba da na baya. A cikin waɗannan duka, wanne ne tolget zai gyara? Titin da muke da shi ma ba mu ci rabin amfaninsa ba, rashin tsari ya cinye.

Sai maganar cewa zaɓi ne, ba dole ba. Zaɓi na mai abin zaɓa ne. Su wa ke bin hanyar Maitumbi da safe? Ma'aikata ne masu neman isa sakatariya, ɗalibai, mata masu kai kaya kasuwa, manoman Gwada da Kuta masu shigo da doya, da bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Shiroro da Munya suka zo suka raɓe a unguwannin Minna suna neman na abinci. Yawancinsu a keke suke ko a bayan babur ko a ƙafa. Mu ɗauka an sa naira 500, kuɗin da aka sa wa ƙaramar mota a tolget ɗin Keffi a 2025. Zuwa da dawowa naira 1,000 ke nan a rana, naira 22,000 a kwanakin aiki 22. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, jihar Neja ta amince da 80,000. Fiye da rubu'in albashin ƙaramin ma'aikaci ke nan. Mai keken da ke da balas a wuyansa da tikitin kullum da man da zai saya, in ya shiga layin a kan fasinja zai ɗora, in bai shiga ba ya yini a gosulo. Litar man da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ana kukan targaɗe, malam yana kawo shawarar karaya.

Misalin mai naƙuda kuwa shi ya fi ɓata mini rai a duk maƙalar. Gaskiya ne binciken da aka yi a Amurka ya nuna masu ƙaramin ƙarfi ma sukan shiga layin kuɗi jifa-jifa, amma can mai ƙaramin ƙarfin yana da mota da katin banki. A nan mai naƙudar a keke ake ɗauko ta, mijin yana lissafin kuɗin kati da na magani da na jini. Shin daidai ne a wannan sa'a a ƙara masa da lissafin kuɗin hanya? Kuma wanda ba shi da su fa, matarsa ta haihu a layin kyauta? Ba wa marar lafiya hanya haƙƙi ne da al'umma ke bin kowane direba, addininmu da al'adarmu sun san da shi tun kafin a ƙera mota. Abin da ake buƙata shi ne motar asibiti da kowa zai kauce mata, da jami'in da zai buɗe mata hanya. Ranar da aka sa wa gaggawar rai farashi, an koya wa jama'a cewa tausayi ma sai da rasit.

Game da Singafo da Landan, malam ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Waɗannan birane ba su yanki layi suka sayar wa mai hali ba. Singafo ta fara a 1975 da cajin motocin da ke shiga tsakiyar birni da safe, ta yafe wa bas, ta kuma yafe wa motar da ta ɗauko mutum huɗu. Landan ta fara a ranar 17 ga Fabrairun 2003 da fam 5 a rana, ƙarƙashin magajin gari Ken Livingstone, bayan an ƙaro bas kusan 300, kuma doka ta wajabta a zuba ribar a harkar sufuri. Stokholm ta ƙasar Suwidin ta ƙaro bas tukuna, ta gwada tsarin na wata bakwai a 2006, ta ba mutanen birnin dama suka kaɗa ƙuri'a, sannan ta tabbatar da shi a 2007, motoci suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100. A duk ukun manufar ita ce a rage motar mutum ɗaya domin motar mutum hamsin ta wuce. Shawarar malam kishiyar haka ce: a matse motar mutane da yawa domin motar mutum ɗaya ta wuce. Kuma su sun tanadi abin hawa kafin su ce wa mutum ya ajiye motarsa. Mu me muka tanada? Ma'aikacin da ke Maitumbi in ya ajiye motarsa, wace bas ce ke zuwa a kan lokaci ta kai shi Tunga ko Bosso?

Saura maganar kuɗin gyara. Ai mun taɓa yi. Tolget sun yi shekaru a manyan hanyoyin tarayya, har Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa aka rushe su daga farkon 2004, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai cewa kuɗin suna zurarewa, hanyoyin ba sa gyaruwa. A Legas an fara karɓar kuɗi a Lekki a Disambar 2011 duk da zanga-zangar mazauna yankin, yarjejeniyar shekara 30 ce, amma ba a je ko'ina ba sai da gwamnatin jihar ta saye kamfanin da kuɗin jama'a, gosulon Lekki kuwa yana nan. Gana ta dakatar da tolget ɗinta a Nuwambar 2021, kuma cikin hujjojin gwamnati akwai cewa wuraren karɓar kuɗin su kansu ke haddasa cunkoso. Afirka ta Kudu ta kafa na'urori masu tsada a hanyoyin Johannesburg da Pretoria a Disambar 2013, direbobi suka ƙi biya, aka kashe tsarin a Afrilun 2024, bashin ya koma kan gwamnati. Ko Turawan mulkin mallaka da suka ɗora wa fatake kuɗin hanya a Arewa sun soke shi a 1907. Mutumin Minna da ya ga an ba da kwangilar mayar da hanyar Suleja tagwaye tun 2010, aka shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba, yana da haƙƙin ya ce a nuna masa aiki kafin a nuna masa rasit. Titunan da ake shimfiɗawa a garin nan tun hawan Gwamna Mohammed Umaru Bago a 2023, ko da kuɗin baitulmali ne ko da bashi, jama'ar Neja ne masu biya, har da wanda bai mallaki ko keke ba. Ta yaya za a gina abu da kuɗin kowa sannan a killace mafi kyawunsa a ce sai wane da wane?

Tolget ɗin da gwamnatin tarayya ta dawo da su ma ba su goyi bayan malam ba. Wanda aka buɗe a Fabrairun 2025 yana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurdi ne, kilomita 227, hanyar da ke tsakanin garuruwa, wadda aka gina da bashin bankin ƙasar Sin, kuma kowa layi ɗaya yake bi, babbar mota ta fi ƙarama biya. Manufar da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da ita a Agustan 2021 ta taƙaita tolget ga tagwayen hanyoyi, ta yafe wa babur da keke mai ƙafa uku. Ana iya muhawara a kan wannan, amma bai yi kama da yanka titin unguwa gida biyu ba.

Idan da gaske kuɗin gyara ake nema, a nemi mai ɓarnar. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa lahanin da mota ke yi wa kwalta yana hawa ne ninki-ba-ninki da nauyin da kowane jerin tayoyinta ke ɗauka. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna in aka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban keke napep cin titi. Mutanen Neja ba sa buƙatar a ba su labari. Sun ga yadda manyan motoci suka cinye hanyar Minna zuwa Bida, sun ga yadda direbobin tanka suka toshe hanyar Bida zuwa Lambata a Satumbar 2021 a rikicin hana su bin hanyoyin jiha. A kafa sikelin auna manyan motoci a mashigan jihar, a ci tarar mai lodin wuce kima, a caji motar kaya a babbar hanyar da aka gama ginawa, a riƙa buga abin da aka tara da inda aka kashe shi kowane wata. Wannan zan sa masa hannu. Kuma garin da jirgin ƙasa ya raya, inda layin Baro ya haɗu da na Legas zuwa Kano fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya fi kowa cancantar ya matsa a mayar da kaya masu nauyi kan dogo.

Ko da mun rufe ido ga duk abin da ya gabata, wa zai tsare layin? In mutum ne zai zauna yana karɓar kuɗi, an ƙirƙiri sabon gosulo a bakin shinge da sabuwar ƙofar cin hanci. In na'ura ce, tana son wutar da ba ta yankewa, da rajistar lambobin mota sahihiya, da adireshin da za a kai wa mai laifi takardar tara. Jihar da ke da tashoshin wutar Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru har yau unguwanninta na kwana cikin duhu. Sannan mai jiniya zai biya? Ayarin babban mutum zai biya? Mai kaki zai biya? Kowa ya san amsa. Ƙarshenta ɗan kasuwa da matsakaicin ma'aikaci ne za su biya, manya su wuce kyauta a layin da aka share musu, talaka ya kalle su ta cikin shinge. Kuma duk ranar da masu yanke hukunci suka daina ɗanɗana gosulo, ranar ce za su daina tunanin maganinsa. Wannan ita ce hasarar da ta fi kowace girma, ba ta kuma fitowa a lissafin kuɗin shiga.

Ba na son a ce na rushe ban gina ba. Matsayina shi ne, idan har za a ware layi a titin Minna, a ware shi ga motar da ta fi ɗaukar mutane. Legas ta yi haka a Maris na 2008 da layin bas daga Mile 12 zuwa CMS, kuma wanda ya fi cin moriyarsa shi ne marar mota. Bas mai kujera 18 tana kwashe abin da keke huɗu ko biyar za su ɗauka, babba kuwa ta ninka haka. A sa bas masu tashi a kan lokaci daga Maitumbi zuwa Mobil, daga Chanchaga zuwa Bosso, daga Kpakungu zuwa Gidan Kwano inda ɗaliban jami'a ke tururuwa. A zauna da ƙungiyoyin masu keke a ba su aikin kwaso mutane daga lunguna zuwa bakin titi, a yanka musu wuraren tsayawa a gefe, kada a mayar da su abokan gaba. A fitar da tashoshin bakin shataletale, a sama wa masu baje koli wuri kafin a tashe su. A sa danja mai aiki da hasken rana a manyan mahaɗu, da jami'an da ba sa barin wurin aikinsu da azahar. A tanadi motar janwe mai ɗauke duk abin da ya lalace a titi cikin sa'a guda. A keɓe wa tirela hanyoyin bayan gari da lokutan shiga. A yi wa masu tafiya a ƙafa dakali da wurin tsallakawa a gaban kowace makaranta. Duk wannan bai kai kuɗin shinge da na'urorin layin kuɗi ba, kuma amfaninsa na kowa ne. In an yi shi shekara biyu cunkoso bai ragu ba, sai mu zauna mu yi maganar cajin motocin gida masu shiga tsakiyar gari, kowa da kowa, har da mai jiniya.

Malam, na gode maka da ka tayar da maganar, domin gosulon Minna ya isa a yi masa rubutu. Amma ina roƙonka ka sake duba shawararka, ka tsaya a mahaɗar Maitumbi da ƙarfe bakwai na safe ka ƙirga mutanen da layinka zai ɗauka da waɗanda zai bari. Ga 'yan majalisar jiha da masu ba gwamna shawara kuwa, duk ranar da aka kawo muku takarda mai irin wannan tsari, ku tambayi mai ita abu uku: wa zai shiga, wa zai maƙale, kuma wa zai ci riba in cunkoson ya ƙi ƙarewa. Mazauna Maitumbi da Tunga da Kpakungu da Bosso, ku nemi bas da tsari da lissafin kuɗinku a fili, kada ku yarda a sayar muku da abin da kuka riga kuka biya. Titin na jama'a ne, a gyara shi domin jama'a.